Saƙo ta Hanyar Jini: Tarihin Gano Homon

Gabatarwa

Tun zamanin da ba wanda zai iya tuna farkonsa makiyaya suka san cewa idan aka dandaƙe ɗan maraƙi ba zai tashi da halin bijimi ba. Wuyansa ba zai yi kauri ba, faɗa zai ragu, ya yi ƙiba, ya yi sauƙin kai har a ɗaura masa garma. Haka taure yake a cikin awaki. A fadojin sarakuna kuwa, daga ƙasar Sin zuwa Istambul, har zuwa Barno da ƙasar Hausa, an san babanni, an kuma san cewa wanda aka fiɗiye tun yana yaro gemu ba ya fito masa, muryarsa ba ta buɗewa. Kowa ya ga haka, amma aka yi shekaru dubbai ba a amsa tambayar da ke ciki ba: ta wace hanya ɗan abin da ke can ƙasan jiki yake isar da umarni ga haɓa da maƙogwaro?

Manufar wannan lacca ita ce ta bi sawun amsar wannan tambaya, wato yadda masana suka gano cewa jiki yana aika saƙo ta cikin jini, da irin hujjar da suka kafa kafin a yarda da su. Akwai kalmomi biyu da ya kamata a daidaita tun farko. A Hausa jijiya takan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya, saboda haka a nan za a bambanta jijiyoyin jini da jijiyoyin laka, wato fararen zaruruwan nan da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka ratsa ko'ina a jiki. Sa'an nan za a kira duk wata 'yar tsoka da aikinta shi ne ta haɗa wani ruwa ta fitar da shi da sunan maɓuɓɓuga, kamar wadda ke kawo yawu a baki ko wadda ke kawo gumi.

Zamanin jijiyoyin laka

A ƙarni na 19 kusan duk masana aikin jiki a Turai sun tsaya a kan cewa jijiyoyin laka su kaɗai ne hanyar saƙo. Suna da dalili. A 1791 Luigi Galvani ya buga bayanin yadda lantarki ke sa ƙafar mataccen kwaɗo ta motsa, a 1850 kuma Hermann von Helmholtz ya auna saurin saƙo a jijiyar kwaɗo ya tarar ya kai kusan mita 30 a daƙiƙa ɗaya. Lokacin ne kuma ake shimfiɗa wayar tangaraho tsakanin birane, sai aka riƙa kallon jiki kamar ƙasa mai babban ofishi guda, wayoyi sun fita daga gare shi zuwa kowane lardi.

Abin da ya ƙi shiga wannan tsari shi ne wasu maɓuɓɓugai da masu feɗe gawa suke gani. Maɓuɓɓugar yawu tana da bututu da ke kai ruwanta baki, kowa ya ga amfaninta. Amma akwai wata a gaban wuya mai suna tayirod, da wasu biyu zaune a kan ƙoda, da wata kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, duka jini yana shigar su da yawa, amma babu bututun da ya fita daga cikinsu. In suna haɗa wani abu, ina yake zuwa?

Zakarun Berthold

Wanda ya fara taɓo amsar shi ne Arnold Berthold, malami a jami'ar Gottingen ta Jamus. A 1849 ya ba da labarin gwajin da ya yi da 'yan zakaru shida. Waɗanda ya cire wa 'ya'yan maraina gaba ɗaya sun tashi ba cara, ba faɗa, ba bin kaji, zankonsu ya ƙanƙance ya koɗe. Wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne, a wasu daga cikinsu ya ɗauki ɗan marainan da ya cire ya dasa shi a cikin ciki, tsakanin hanji, inda ba mazauninsa ba. Waɗannan suka tashi cikakkun zakaru, suna cara suna faɗa. Da ya yanka su ya duba, sai ya tarar abin da ya dasa ya kama, jijiyoyin jini sun tsiro sun shige shi, amma jijiyoyin lakar da aka yanke ba su koma ba. Ke nan babu wata hanya da ta rage tsakanin wannan tsoka da zankon da ke kan zakara sai jini. Haka Berthold ya faɗa, amma zamaninsa bai saurare shi ba, aikin ya kwanta fiye da shekara hamsin kafin a waiwaye shi.

Gwajin ya ƙunshi matakai biyu daga cikin ukun da wannan fanni ya ginu a kansu: a cire abu a ga abin da ya lalace, a mayar da shi a ga ko ya gyaru. Mataki na uku shi ne a tatso sinadarin da ke cikinsa, a nuna cewa shi kaɗai ya isa ya yi aikin.

Darasi daga marasa lafiya

Likitoci kuma suna ganin nasu a gadon asibiti. A 1855 Thomas Addison na asibitin Guy's da ke Landan ya bayyana wata cuta da ke sa mutum kasala, fatarsa ta yi duhu, ya rame har ya mutu, ya kuma nuna cewa a gawar irin waɗannan mutane maɓuɓɓugan kan ƙoda sun lalace. A shekarar nan ce Claude Bernard na Faransa ya yi amfani da kalmar da ke nufin zubarwa ta ciki, da ya ga hanta tana sakin sukari kai tsaye cikin jini.

Mafi tsananin darasi ya fito daga Suwizalan, ƙasar tsaunuka inda maƙoƙo ya yi yawa ƙwarai. Theodor Kocher, gwanin tiyata a birnin Bern, ya ƙware wajen cire maƙoƙo ba tare da majiyyaci ya mutu ba. Da ya sa aka nemo masa mutanen da ya yi wa aiki, sai ya tarar waɗanda ya cire wa tayirod ɗungum sun canza: jiki ya kumbura, magana ta yi nauyi, tunani ya dushe, kullum suna jin sanyi, yara daga cikinsu kuma sun daina girma. Ya bayyana wannan a gaban 'yan'uwansa likitoci a 1883, ya kuma bar cire ta gaba ɗaya. Ba da niyya ba, an yi matakin farko a jikin ɗan Adam.

Mutum biyu, allura biyu

A watan Yuni na 1889 Charles Brown-Séquard, babban malami a Faris, mai shekara 72, ya tsaya gaban taron masana ya ce ya niƙa 'ya'yan marainan kare da na ɓeran Masar, ya tace da ruwa, ya yi wa kansa allura, ƙarfinsa na ƙuruciya ya dawo. Mutum ne mai daraja, wanda tun 1856 ya nuna cewa dabba ba ta rayuwa in an cire mata maɓuɓɓugan kan ƙoda, don haka maganarsa ta karɓu. Kafin a jima likitoci dubbai a Turai da Amurka suna yi wa tsofaffi wannan allura, 'yan kasuwa kuma suka cika kantuna da kwalabe. Yau an san cewa abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi wani aiki ba, domin 'ya'yan maraina ba sa ajiye sinadarinsu, suna sakinsa ne da zarar sun haɗa shi, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Abin da tsohon ya ji a jikinsa sa rai ne ya haifar da shi. Sinadarin na gaskiya, testosteron, sai a 1935 aka ware shi.

Shekara biyu bayan wannan, a 1891, wani matashin likita a Newcastle ta Ingila, George Murray, ya ɗauki dabarar ya gwada ta inda ta dace. Yana da majiyyaciya mai shekara 46 wadda tayirod ɗinta ta daina aiki, tana da duk alamun da Kocher ya gani. Ya tatso ruwan tayirod ɗin tunkiya ya riƙa yi mata allura. Kumburi ya saɓe, hankali ya dawo, ta ci gaba da shan maganin ta rayu shekara 28 bayan haka. Dabarar mutanen biyu ɗaya ce. Bambancin shi ne Murray yana da cuta sananniya da alamun da kowane likita zai iya dubawa kafin magani da bayansa, kuma tayirod tana ajiye sinadarinta da yawa a cikinta. Brown-Séquard kuwa shi ne mai magani, shi ne majiyyaci, shi ne kuma shaida.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1894 George Oliver da Edward Schäfer suka nuna a Landan cewa ruwan maɓuɓɓugar kan ƙoda yana ɗaga bugun jini nan take, a 1901 kuma Jokichi Takamine, Bajapane mai aiki a Amurka, ya ware sinadarin da ke yin haka, wato adiranalin, wanda ke sa zuciya dukan uku-uku idan mutum ya firgita.

Ranar 16 ga Janairu, 1902

Duk da haka ra'ayin jijiyoyin laka bai faɗi ba, kuma babban mai riƙe da shi shi ne Ivan Pavlov na Rasha, wanda ba a da kamarsa a sanin narkewar abinci. Akwai wata maɓuɓɓuga doguwa a bayan tumbi mai suna fankiriyas, wadda ke zuba ruwan narkar da abinci cikin ƙaramin hanji. An lura tana zuba ruwan ne daidai lokacin da abinci mai tsamin tumbi ya shigo hanjin. Wa ke gaya mata abinci ya iso? Pavlov ya ce jijiyoyin laka ne.

William Bayliss da Ernest Starling, malamai biyu a Kwalejin Jami'a ta Landan, kuma surukan juna, domin Bayliss yana auren 'yar'uwar Starling, suka shirya gwada wannan magana. A ranar 16 ga Janairu, 1902, suka sa wa kare maganin barci, suka ware wani yanki na ƙaramin hanjinsa, suka yanke duk jijiyoyin lakar da ke zuwa gare shi, suka bar jijiyoyin jini kaɗai. Sai suka zuba ruwan asid mai rauni a cikin yankin. In maganar Pavlov ce cikakkiyar gaskiya, fankiriyas ba za ta san an yi ba. Sai ga ta tana ɗigar da ruwa kamar yadda ta saba.

Nan take Starling ya ɗauki mataki na uku. Ya kankare fatar cikin hanjin, ya niƙa ta da yashi da asid, ya tace, ya ɗura ruwan a jijiyar jinin karen. Bayan ɗan lokaci kaɗan fankiriyas ta ɓalle da zuba fiye da na farko. Suka sa wa sinadarin suna sikiritin. Da labari ya kai Rasha, Pavlov ya sa aka maimaita gwajin a ɗakin bincikensa, ya tsaya ya gani da idonsa, ya amsa cewa suna da gaskiya. Gani ya kori ji.

A watan Yuni na 1905, cikin laccocin da ya gabatar a gaban ƙungiyar likitocin Landan, Starling ya ba irin waɗannan sinadarai suna guda, homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Ya bayyana su da cewa manzanni ne da wata gaɓa ke haɗawa, jini ya ɗauke su ya kai wa wata gaɓar da ke nesa. Da wannan suna abubuwan da aka gani a warwatse, na zakara da na maƙoƙo da na ƙoda, suka zama fanni ɗaya.

Insulin

Fa'idar sabon fannin ta bayyana ga duniya a kan ciwon sukari. Tsofaffin likitocin Indiya sun san cutar da ke sa tururuwa ta taru a kan fitsari, amma ba wanda ya san mazauninta sai a 1889, lokacin da Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas a Strasbourg, ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Ashe fankiriyas aiki biyu take yi: tana zuba ruwan narkar da abinci ta bututu, kuma wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta da ke cikinta, waɗanda ɗalibi Paul Langerhans ya gani a 1869, suna zuba wani abu cikin jini. Mutane da dama sun yi ƙoƙarin tatso shi, har Nicolae Paulescu na Romaniya ya buga sakamako mai kyau a kan karnuka a 1921, amma ba a sami wanda ya tsarkaka har a ba mutum ba.

A wancan zamani yaron da ya kamu da irin ciwon sukarin da ke kama yara ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Iyakar abin da likita zai yi shi ne ya rage masa abinci har ya zama ƙashi da fata. A watan Mayu na 1921 Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka fara aiki a ɗakin binciken John Macleod a Jami'ar Toronto ta Kanada, daga baya James Collip ya shigo don tsarkake abin da suka tatso. Ranar 11 ga Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro mai shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ba ta yi wani amfani ba, wurin ma ya ƙurje. Ranar 23 ga watan aka sake da wanda Collip ya tace, sukarin jininsa ya sauka, yaron da ake jiran ajalinsa ya tashi, ya rayu har 1935. A 1923 aka ba Banting da Macleod lambar Nobel. Banting ya fusata da aka bar Best, ya raba kuɗinsa da shi, Macleod kuma ya raba nasa da Collip. Haƙƙin mallakar maganin kuwa an sayar wa jami'ar a kan dala ɗaya ga kowane mai suna a takardar.

Shekaru sittin ana tatso insulin daga fankiriyas ɗin shanu da aladu. A 1955 Frederick Sanger na Kambirij ya gama jera tubala 51 da suka haɗu suka yi shi, a 1978 aka sa ƙwayoyin bakteriya suka haɗa irin na ɗan Adam, aka fara sayar da shi a 1982.

Yadda saƙon ke aiki

Tambaya biyu suka rage. Ta farko, tun da jini yana zuwa ko'ina, me ya sa homon ke aiki a wata gaɓa ya bar wata? Saƙon jijiyar laka kamar jakada ne da aka tura gida ɗaya. Homon kuwa kamar shela ce a kasuwa, ta shiga ko'ina, amma wanda abin ya shafa ne kaɗai zai tashi. Binciken da aka yi daga wajen 1960 zuwa 1975 ya nuna cewa ƙwayar halitta ba ta amsa homon sai tana da wani makarɓi da ya dace da shi, kamar yadda kwaɗo ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa. Wasu homon, irin su adiranalin, a bakin ƙwayar suke tsayawa, wani sinadari na biyu ya ƙarasa da saƙon ciki, kuma gano wannan ne ya ba Earl Sutherland lambar Nobel a 1971. Wasu kuma, irin su testosteron, sukan ratsa har cikin ƙwayar.

Ta biyu, wa ke hana saƙon yin yawa ko kaɗan? Maƙoƙo ya isa misali. Tayirod tana buƙatar aidin don ta haɗa homon ɗinta, kamar yadda aka fara fahimta bayan Eugen Baumann ya sami aidin a cikinta a 1895, Edward Kendall kuma ya ware homon ɗin, tairoksin, a 1914. Fituwitari ce ke aika wa tayirod umarnin ta yi aiki, kuma tana lura da yawan tairoksin da ke cikin jini: in ya isa ta sassauta, in ya gaza ta ƙara matsawa. Idan babu aidin a abinci, tairoksin ba zai isa ba, fituwitari ba za ta daina matsawa ba, tayirod ta yi ta girma don ta biya abin da ba ta da kayan yinsa, har wuya ya kumbura. Asarar ba ta tsaya a wuya ba, domin jaririn da uwarsa ta rasa aidin tana da ciki yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya gyaruwa. David Marine ya fara ba 'yan makaranta mata aidin a garin Akron na Amurka a 1917, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a cikinsu. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, jihar Michigan ta Amurka a 1924, Nijeriya kuma ta wajabta shi a 1993.

Sa'an nan aka gano cewa ita ma fituwitari tana da na gaba da ita. Geoffrey Harris na Ingila ya nuna cewa wani ɓangare na ƙasan ƙwaƙwalwa yana aika mata umarni ta wasu 'yan siraran jijiyoyin jini. Roger Guillemin da Andrew Schally, kowa da ƙungiyarsa, suna tsere da juna, suka tara ƙwaƙwalen tumaki da na aladu dubu ɗaruruwa kafin su sami ɗan abin da ya isa bincike, suka bayyana sifar homon na farko daga cikinsu a 1969. A 1977 suka raba lambar Nobel da Rosalyn Yalow, wadda ita da Solomon Berson suka ƙago hanyar auna homon a cikin ɗigon jini. A nan hanyoyin biyu suka haɗu, domin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne da kansu ke haɗa homon. An kuma tabbatar cewa jijiyoyin laka suna da hannu a aikin fankiriyas, wato Pavlov ya riƙe rabin gaskiya.

Kammalawa

Fannin bai rufe ba. A 1981 aka gano zuciya tana fitar da homon, a 1994 aka gano kitse ma yana fitar da nasa, mai suna leftin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da aka ajiye. Wasu sababbin magungunan ciwon sukari da ƙiba, kamar semaglutid da aka amince da shi a Amurka a 2017, kwaikwayo ne na wani homon da hanji ke fitarwa, wato gaɓar da Bayliss da Starling suka kankare a 1902.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe daga wannan tarihi shi ne matakan nan uku da aka bi kafin a karɓi kowace magana: an cire, an mayar, an tatso an auna. Duk abin da ya tsallake su ya zama magani, kamar ruwan tayirod da insulin. Ruwan Brown-Séquard bai tsallake ba, duk da girman mai shi, kuma 'yan'uwan wannan ruwa suna nan a kwalabe a tashoshin mota da kasuwanni, ana sayar da su da alkawarin da aka yi a Faris a 1889. Ma'aikacin hukuma kuma yana da nasa rabo, domin sanin da aka samu ba ya isa ga talaka sai ta hannunsa. Dokar gishiri ba ta hana maƙoƙo sai in ana auna gishirin da ke shigowa kasuwa, ana kuma adana shi inda rana da laima ba za su cinye aidin ɗin ba. Insulin kuma, bayan shekara fiye da 100 da gano shi, ba ya amfanar yaron ƙauye sai in ya iso asibitin da ke kusa da shi, an ajiye shi a wuri mai sanyi, a kan kuɗin da mahaifinsa zai iya biya kowane wata.